Tsohon Tabon Da Ke Ƙarƙashin Duwatsun Zuru

Duk lokacin da na je gida Dabai, nakan tsaya in ƙura wa duwatsun ƙasar Zuru ido. Manomi tsakuwar da ke dakushe masa fartanya yake gani. Ni kuwa da na karanci ilmin duwatsu, tabon wani tsohon karo nake gani.

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan falale ne masu motsi sannu a hankali. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, falalen Afirka ta Yamma ya yi karo da na gabashinsa, wanda ƙasarmu ke kai. Da farko gaba da gaba suka haɗu, duwatsu suka nannaɗe suka yi sama. Da turin ya karkace, sai ɓangarorin suka koma gogar juna ta gefe, kamar mai murza tafin hannunsa. Ƙananan tsagogi suka jeru a karkace, suka yi ta haɗewa har suka zama doguwar tsaga. Haka aka samu wadda ta bi ta Anka zuwa Yawuri, dab da mu, da wadda ta ratsa yankin Birnin Gwari da Zungeru.

Irin wannan tsaga ce, a inda take raye, ta girgiza Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mutane fiye da 50,000 suka rasu. Namu sun daɗe da lafawa, amma sun bar mana gado biyu.

Na farko zinari. Tafasasshen ruwa ya bi tsagogin, ya daskarar da jijiyoyin farin dutse masu zinari. A wasu wuraren kuma ya taho da dalma, wadda gubarta ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, saboda a cikin gidaje ake niƙa dutsen.

Na biyu ruwa. Dutsenmu ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage ko ya rududduge. Da idona na ga rijiyar burtsatse da jama'a suka yi karo-karo aka haƙa ba tare da awo ba, ba ta ba da ko ɗigo ba.

Don haka ina kira ga gwamnatin Kebbi da Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da su fitar da taswirar waɗannan tsagogi dalla-dalla, a kuma fassara ta ga masarautu da ƙananan hukumomi. Mai neman ruwa da mai neman zinari tsaga ɗaya suke bi, kuma dukansu ba su cancanci lalube cikin duhu ba.