Kafin ka tayar da duron a Japoma ko New Bell, ga abin da ya kamata ka sani

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan Duwala ke sassautawa, bukukuwa kan yawaita a unguwanninmu, kuma yanzu da wuya a yi babban ɗaurin aure ko walimar saukar karatu ba ka ji wani ɗan jirgi na ƙugi bisa kawunan jama'a ba. Masu ɗaukar hoto na kiransa duron, 'yan jarida kuma jirgi maras matuƙi. Matasa da dama sun zuba jarinsu a kansa, domin mai biki ya fi buɗe bakin aljihu idan za a nuna masa taronsa daga sama. Sai dai Duwala gari ne da filin jirgin samansa ke cikin jama'a, ga tashar jiragen ruwa, ga sansanonin soja, ga gidan yari. Wanda ya tayar da duron ba tare da shiri ba na iya rasa na'urar, ya kwana hannun jandarma, ko ya jawo abin da ya fi haka muni.

A idon doka, duron jirgi ne, komai ƙanƙantarsa. Yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanadi a sashe na 8 cewa jirgin da babu matuƙi a cikinsa ba zai bi ta saman wata ƙasa ba sai da izini na musamman daga ƙasar. A Kamaru, dokar da ke tsara sufurin sama ita ce mai lamba 2013/010 ta ranar 24 ga Yulin 2013, hukumar da ke aiwatar da ita kuwa ita ce CCAA, mai hedkwata a Yawunde. Wurinta ake neman izini. Akwai maganar da ke yawo tsakanin masu kyamara cewa duron ɗin da bai kai giram 250 ba, irin DJI Mini, ba ruwansa da doka. Wannan ma'auni daga dokokin Turai da Amurka ya fito, kuma ko can ɗin sassauci ne kan rajista da wasu sharuɗɗa, ba lasisin shiga sararin filin jirgi ba ne. Kwalin da aka rubuta giram 249 a kansa ba takarda ce da za ka miƙa wa jandarma ba.

Me ya sa ake tsanantawa kusa da filin jirgi? Lissafin mai sauƙi ne, har ɗalibaina na aji uku za su iya yin sa. Jirgin fasinja kan sauko ne a karkace da kusan digiri 3, wato duk kilomita ɗaya da ya matso yana rage tsayin mita 52 ko makamancin haka. Idan saura kilomita 2 ya taɓa ƙasa, tsayinsa mita ɗari da 'yan kai ne. Idan saura kilomita ɗaya, bai fi mita hamsin da wani abu ba. To, iyakar tsayin da ƙasashe da yawa suka sa wa duron, wadda kuma akasarin na'urorin ke zuwa da ita a saite, mita 120 ce. Ma'ana, mutumin da ke ganin yana bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari na iya kasancewa daidai kan hanyar jirgi mai ɗauke da mutum ɗari biyu. Titin filin jirgin Duwala ya miƙe ne daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma, kuma ɓangarensa na arewa maso yamma cikin gari yake kallo. New Bell, da Kasuwar Kongo, da unguwar Hausawa duk makwabtan filin ne. Duron kuma ba tsuntsu ba ne: akwai ƙarfe a injinansa, akwai batirin litiyam da ke kama wuta idan ya fashe.

Ko ba a yi karo ba, ganinsa kawai ya isa ya tsayar da komai. A Disamban 2018, rahotannin ganin duron sun sa an rufe filin Gatwick na Ingila fiye da kwana guda, aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000, fasinjoji kimanin 140,000 suka maƙale ana gab da Kirsimeti.

Japoma ta bambanta, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Akwai fili, gine-gine ba su cunkushe kamar na New Bell ba, ga kogin Dibamba, ga filin wasa mai cin mutum 50,000 wanda ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a Janairun 2022, inda Kwaddibuwa ta ci Aljeriya 3 da 1. Wuri ne da ke kiran mai kyamara. Amma nisan da mota ke ci a cunkoson hanyar Yassa ba shi ne nisan sama ba. Jirgi kan gama shi cikin minti biyu zuwa uku. Kowane babban filin jirgi na da yankin da hasumiyar kula da zirga-zirga ke iko da shi tun daga ƙasa, kuma irin wannan yanki kan miƙa kilomita masu yawa a kewaye. Ban da haka, a Japoma akwai matatar ruwan sha ta gari, ga layin dogo na Duwala zuwa Yawunde da gadarsa, ga tashar wutar lantarki ta Dibamba a Yassa. Masu gadin irin waɗannan wurare ba sa tsayawa tambayar ko bidiyon waƙa kake ɗauka.

Inda ake duba iyakokin nan shi ne kundin bayanan sama na ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a Kamaru da wasu ƙasashen Afirka tun 1959. Ana kiran kundin AIP, yana intanet, cikin Faransanci da Turanci. A taswirarsa za ka ga yankuna masu harafi: P na nufin an hana shiga kwata-kwata, R na nufin sai da sharaɗi, D kuma akwai haɗari, kamar wurin atisayen harbi. Sannan akwai sanarwar wucin gadi da ake kira NOTAM, wadda kan rufe wuri na 'yan sa'o'i ko kwanaki saboda zuwan wani babba ko wani taro. Taswirar da ke cikin manhajar DJI taimako ce kawai. Kamfanin ma da kansa ya sassauta kulle na'urorinsa a Turai a 2024 da Amurka a 2025, ya mayar da shi gargaɗi. Don na'ura ta yarda ta tashi, ba shi ke nuna hukuma ta yarda ba.

Kada kuma a manta halin da ƙasa ke ciki. A Maris na 2025 an kashe sojojin Kamaru a harin Wulgo, bakin Tafkin Cadi, kuma rahotanni sun ce maharan sun yi amfani da duron masu ɗauke da abubuwan fashewa. Sojan da ya ga na'ura na shawagi kusa da sansanin sama na 201, ko tashar ruwa ta Wuri, ko gidan yarin New Bell, da wannan idon zai dube ta. A ganina, waɗannan wurare ko neman izininsu ma ɓata lokaci ne ga mai ɗaukar biki.

Idan aikin na wurin da za a iya nema ne, takardarka zuwa CCAA ta amsa tambayoyin da kowane jami'i zai yi: wane ne kai, wace irin na'ura ce da nauyinta da lambarta, ina ne ainihin wurin da lambobin GPS, tsayi nawa, wace rana da wane lokaci, don me, kuma wa zai biya idan ta faɗa kan mutum ko mota, wato inshora. Ka tambaye su da bakinka ko aikin naka na buƙatar amincewar hukumomin tsaro, ka kuma fara da makonni, ba ana gobe biki ba. Izinin masu kula da filin wasa ko mai zauren biki na ƙasa ne, bai shafi sama ba. Sanar da ofishin sufurefe, da jandarmomin yankin, da mai unguwa kan rage fitina ƙwarai. Ka riƙe kwafin takardar a jikinka.

Ranar aiki, abin da ya fi cin mutane shi ne saitin komawa gida. Idan sadarwa ta yanke, duron kan haura zuwa tsayin da aka sa masa kafin ya juyo. Idan an bar shi a mita 100 alhali izininka na mita 30 ne, na'urar da kanta za ta karya maka doka. Ka saita shi sama da dogon gini ko eriyar da ke wurin kaɗan, ba fiye ba. Rufin kwano da ƙarafunan gini na rikita kamfas, wayoyin wuta kuma ba sa fitowa sosai a allo, don haka ka samu mutum na biyu da aikinsa kawai kallon sama. Minti talatin ɗin da kamfani ke tallatawa na batir ba ya cika idan akwai iska. Ka sauko tun da sauran kashi 30. Duwala na samun ruwan da ya haura milimita 3,500 a shekara, hadari kan taso ba sallama, kuma yawancin ƙananan duron ba sa jure jiƙa. Kada ka tsaya bisa taro: na'ura mai nauyin kusan kilo da ta faɗo daga mita 30 kan iso da gudun kilomita 70 zuwa 80 a awa. Daga gefe ake ɗauka, hoton ma ya fi kyau.

Sai batun da ya fi shafar unguwanninmu. Gidajen New Bell a manne suke, kuma abin da katanga ta ɓoye wa mai wucewa, kyamarar sama na ganinsa: mata a tsakar gida, banɗaki marar rufi, shanya. Mai biki ya yarda a ɗauke shi, makwabcinsa bai yarda ba. Dokar 2010/012 ta ranar 21 ga Disamban 2010 kan laifukan intanet ta haramta ɗauka ko yaɗa abin da ya shafi sirrin mutum ba da yardarsa ba, kuma kafin ma a kai ga kotu, rigimar makwabta ta ishe ka. Ka karkata kyamara ga titi, ka yanke abin da ya shigo bisa kuskure kafin bidiyon ya hau WhatsApp. Lokacin ciniki kuma ka gaya wa mai biki tun farko cewa hoton sama ya dogara ne ga izini da yanayi, ka ware kuɗinsa daban. A lungunan da ke kusa da filin jirgi, doguwar sanda mai kyamara ko barandar benen makwabci, idan ya amince, kan ba da kusan hoton da ake nema.