Daga Kurmi zuwa Damagaram: ziyarar kwana biyu a garin duwatsu

Damagaram, wadda ake rubutawa Zinder a taswira, tana Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 240 arewa da Kano. A cikin manyan garuruwan ƙetare tana daga cikin mafi kusa da Bakano, har mutum kan rufe rumfarsa a Kasuwar Kurmi ranar Juma'a, ya kwana biyu a can, ya dawo ya buɗe ranar Litinin. Ba a kan tsauni take ba, domin tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba, kusan ɗaya da na Kano. Abin da ya bambanta ta shi ne manyan duwatsu masu sulɓi da suka tsiro a tsakiyar gari, wasu a kan wasu, har gidajen tsohon birni suka jingina da su. Tsaunuka na sosai suna can ƙasar Azbin, bayan Agadas, inda ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022, amma wannan ba tafiyar kwana biyu ba ce.

Hanyar tsohuwa ce. Tun bayan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kurmi, kasuwar take fuskantar arewa. A ƙarni na 19 ayarin Azbinawa kan sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da turkuɗi da kayan dukanci da hatsi, fataken Turabulus kuma su bi ta Agadas. Damagaram ce babban zangonsu kafin Kano. Sunan unguwar Agadasawa, wadda ba ta da nisa da Kurmi, shaida ce ta wannan zirga-zirga. A yau matafiyi kan bi ta Kazaure da Daura, ya tsallaka iyaka a Kongolam, ya ratsa Matamai da Kance, ya hau babban titi a Takeita. Ana kuma shiga ta Magarya. Tafiyar ba ta cin wuni, sai dai shingayen jami'ai su ja ta.

Iyakar ce ke buƙatar shiri. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, aka sake buɗewa a Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka ya kamata mai niyya ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ya tashi, ya riƙe fasfo ko takardar shaida mai inganci da katin rigakafin shawara. Kuɗin ƙasar sefa ne, kuma a nan baƙo ya fi rikicewa, domin da dala ake lissafi. Dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jaka kuwa sefa 1,000 ce. Hausa ce harshen gari, amma da ɗanɗanon Faransanci: makaranta lakwal ce. Ɗan acaɓa kuwa kabu-kabu ake ce masa.

Garin kashi uku ne. Birni shi ne mazaunin sarauta, inda fadar Sultan da tsohon masallaci suke, da lunguna da gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuska, irin waɗanda siminti ya cinye da yawansu a cikin Kano. Daular Damagaram ta kafu a shekarun 1730 ƙarƙashin inuwar Borno, ta yi ƙarfi a zamanin Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bayan ya ƙarfafa ganuwa ya tara bindigogi da igwa. Dangantaka da Kano ba kullum ta ciniki ba ce: Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A lokacin Ahmadu ne aka kashe hafsan Faransa Cazemajou a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899, suka gina barikinsu a kan dutse.

Zango kuwa unguwar fatake ce da Buzaye, inda attajirin nan Malam Yaro ya zauna, kuma ɗan Kurmi ba zai ji baƙunta a cikinta ba. Tsakanin Birni da Zango akwai Sabon Gari da Kasuwar Dole, wadda ta fi cika ranar Alhamis. Wanda ya zo ƙarshen mako ya rasa wannan, amma yana iya fanshewa da kasuwar Mirya, kilomita 18 gabas da gari, mai ci ranar Lahadi. Tsarabar da aka saba ita ce kilishi, cuku, dabino da kayan fata.

Duwatsun da suka kare garin su ne kuma suka hana shi ruwa. Ƙarƙashin ƙasar dutse ne mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sosai, don haka daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka a Nijar daga 1911 zuwa 1926, kuma ƙarancin ruwa da kusancinta da Kano ta Ingilishi suna cikin dalilan da suka sa aka mayar da ita Yamai. Har yanzu famfo kan ɗauke a lokacin bazara, don haka a tambayi batun ruwa kafin a kama masauki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, dutsen kuma ya yi ta fitar da shi har cikin dare. Da Sallah kuwa akwai hawan sarki da hawan ƙaho na mahauta, sai dai masauki kan yi wuya a waɗannan kwanaki.