Yadda ƙaramar allura ke jawo wa teloli asarar shadda mai tsada a Zamfara

Duk ranar Talata, kasuwar Talata Mafara kan cika da masu saye da sayarwa daga Bakura, Maradun da ƙauyukan da ke kewaye. Cikinsu akwai teloli da ke zuwa sayen zare, maɓallai, zif da allura. Tela kan ɓata lokaci wajen daidaita launin zare da yadi, amma idan aka zo kan allura, sau da yawa sai ya karɓi duk wadda aka miƙo masa.

Daga nan matsala kan faro. Magidanci ya tara kuɗi ya sayi shadda irin ta Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya kuma ake sarinta a Kantin Kwari da ke Kano, ya kai ɗinkin Sallah. Idan allurar da ke kan keke ta yi kauri ko ta dakushe, za ta bar huji a jikin shaddar, ko ta ja zaren saƙar har layi ya fito. Irin wannan lahani ba ya gyaruwa da guga. Ƙarshenta tela ya biya yadi, ko ya rasa mai kawo masa ɗinki. Hausawa dai sun ce komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Ma'anar lambobin da ke jikin kwali

A jikin kwalin allurar keke akan ga lambobi biyu, kamar 90/14 ko 100/16. Ta farko tana nuna kaurin allurar ne: 90 na nufin milimita 0.9, 100 kuma milimita 1 cif. An fara amfani da wannan ma'auni a 1942. Ta biyun tsohon lissafin Amurka ne da aka sani da kamfanin Singer, kuma da ita telolin Najeriya suka fi kiran allura, shi ya sa za ka ji ana cewa lamba 14 ko lamba 16.

A allurar keke, duk lokacin da lamba ta ƙaru, kauri ya ƙaru. A allurar hannu kuwa, irin wadda ake ɗinkin hula da ita, abin juyawa yake yi: lamba 10 ta fi lamba 5 siranta.

Wace allura ce ta wane yadi?

Mayafi shara-shara da leshi mai laushi suna son siririyar allura, lamba 9 zuwa 11. Mai kauri takan tura yadin cikin ramin farantin keke, ɗinkin ya tattare.

Atamfa da yadin kaftani na yau da kullum suna tafiya daidai da lamba 12 ko 14. Ita ma shadda haka ne, sai dai tana buƙatar sabuwar allura mai tsini sosai, domin saƙarta a matse take, kuma sheƙinta yana tona kowane huji. A wuraren da yadi ya ninku da yawa, kamar wuya da bakin aljihu, akan koma lamba 16.

Wandon jins, kakin makaranta mai kauri da labule mai nauyi suna buƙatar lamba 16 zuwa 18. Siririyar allura a nan lanƙwasawa take yi, ta bugi farantin keke ta karye, kuma gutsurenta na iya faɗawa idon mai ɗinki.

Akwai kuma yadi mai miƙewa kamar roba, wanda ake yawan ɗinka hijabi da shi yanzu. Wannan ba batun kauri ba ne kawai. Yana son allura mai kai a mulmule, wadda ke ratsawa tsakanin zaren saƙar maimakon ta yanka shi. Idan aka yi amfani da mai tsini, keke ya dinga tsallake ɗinki, daga baya kuma ƙananan huji su bayyana a bin layin ɗinkin bayan an yi wanki.

Dukawa masu ɗinkin fata da keke suna da tasu allurar mai baki kamar wuƙa, wadda ke yanka fatar yayin shiga. Ita kuwa haramun ce a kan yadi. Manoman shinkafa na yankin noman rani na Bakolori ma ba su rasa tasu ba: basilla ce ke ɗinke bakin buhu.

Kowane keke da irin allurarsa

Keken ƙafa irin su Butterfly da tsofaffin Singer suna amfani da allura mai gindi wanda gefe ɗaya ya ke a shafe, ana rubuta HAx1 ko 130/705H a kwalinta. Manyan kekunan lantarki masu saurin gudu, irin na kamfanin Juki na Japan, galibi suna ɗaukar DBx1 mai zagayayyen gindi. Keken da ke dajen bakin yadi, wanda teloli ke kira wibin, shi ma tasa daban ce. Ko da lamba ta zo ɗaya, allurar wani keken ba ta zama daidai a wani, kuma tilasta ta na iya ɓata ƙugiyar da ke ɗauko zaren ƙasa.

Zare ma dole ya dace da kafar allura. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a zura zare a allurar kafin a ɗaura ta, a riƙe bakin zaren biyu a karkace. Idan allurar ta zame da kanta, sun dace. Idan ta maƙale, zaren zai dinga tsinkewa.

Allura ma tana tsufa

Kamfanonin da ke ƙera allura, irin su Schmetz na Jamus, suna ba da shawarar a sauya ta bayan kimanin sa'o'i 8 na ɗinki. A shagunanmu kuwa, yawanci sai ta karye ake cire ta. Alamomin gajiyarta a bayyane suke: ƙarar ƙwas-ƙwas idan tana shiga yadi, tsallake ɗinki da yawan tsinkewar zare. Da yawa kan kira mai gyaran keke su biya kuɗi, alhali sabuwar allura kaɗai ake buƙata.

Samun allura iri-iri ba abu ne mai sauƙi ba ga telan ƙauye, musamman a yankin da matsalar tsaro ta rage zirga-zirga. A 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a faɗin jihar, masu dogaro da ranar kasuwa wajen sayen kayan aiki sun ji a jikinsu. Shi ya sa telan da ya samu shiga Talata Mafara ko Gusau zai fi amfana idan ya haɗo lamba 11, 14, 16 da 18 a tafiya ɗaya, tare da mai mulmulallen kai domin hijabi.

Kafin a ɗora yadin mutane a keke kuma, a fara gwada ɗinkin a kan ƙyallen da ya rage daga yankan. Idan allurar za ta yi ɓarna, gara ta yi a nan.