Kwamfuta Cikin Kwamfuta: Abubuwan Mamaki Kan Wayar da Ba a Gani

Matashin da ke koyon aikin netwok a Yakasai ko Mandawari ba sai ya tara kwamfuta biyar ba. Laftof ɗaya ta hannu daga Beirut Road ta ishe shi. Ya ɗora mata VirtualBox, wadda kyauta ce, ya ƙirƙiri wasu kwamfutocin a cikinta, wannan da Windows, waccan da Linux. Masu sana'ar suna ce musu VM. Laftof ɗin ita ce mai masauki, na cikinta kuma baƙi. Yadda baƙin nan ke magana da junansu da sauran duniya, alhali babu ko taƙi ɗaya na waya a tsakaninsu, shi ne inda mamakin yake.

Dabarar ta girmi yawancin masu amfani da ita. Tun a 1967 kamfanin IBM yake raba babbar na'ura ɗaya zuwa ƙanana, ya fitar da VM/370 kasuwa a 1972. Sai a 1999 VMware ya kawo abin kan kwamfutar tebur.

Buɗe sabuwar VM a VirtualBox ka tambaye ta adireshinta, za ta ce 10.0.2.15. Ta maƙwabcinka a Ƙofar Mata ma haka za ta ce, ta wani ɗalibi a Alƙahira ma haka, kuma ba a taɓa yin rikici a kai ba. Dalili shi ne tsarin da ake kira NAT, wanda duk mai tarihin kasuwar Kurmi a kansa zai gane shi nan take. Falken da ya zo daga Agadas ko Gwanja a gidan fatoma yake sauka, fatoma ne ke shiga kasuwa da sunansa, ya sayar, ya karɓo, ya dawo wa baƙo da nasa. Kasuwa ba ta san baƙon ba, mai gidan ta sani. Haka laftof ke ɗaukar saƙon VM ta goge adireshin baƙuwar ta sa nata, in amsa ta dawo ta miƙa mata. Shi ya sa VM ke iya fita intanet amma na waje ba ya iya sallama da ita, sai an ware masa ƙofa ta musamman an ce duk wanda ya ƙwanƙwasa lamba kaza a wuce da shi ciki. Ƙofofin nan 65,535 ne a kowane adireshi.

Kuma ba sau ɗaya ake wannan sauyin ba. Laftof ta sauya, wayar da aka kunna wa hotspot ta sake sauyawa, kamfanin layi ya kuma sauyawa, domin shi ma dubban mutane yake tarawa a bayan adireshi guda. Hawa uku ke nan kafin saƙo ya ga sarari. Ƙarancin adireshi ne ya jawo: tsohon tsarin IPv4 kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, babban rumbun duniya kuma ya ƙare a Fabrairun 2011. AFRINIC, hukumar da ke raba wa Afirka nata daga tsibirin Morishus, ita ce ta ƙarshe da ta rage da saura cikin hukumomi biyar na duniya.

In ana so VM ta tsaya da ƙafarta, sai a sa ta a kan gada. A nan rauta ce ke ba ta adireshi kai tsaye, duk wanda ke netwok ɗin yana ganinta. A kan kebul lafiya lau take. A kan Wi-Fi kuwa takan yi gardama, saboda rauta na'ura ɗaya ta yarda ta shigo, ga shi kuma ana jin murya biyu. VirtualBox yakan ɓoye lambar baƙuwar a bayan ta mai masauki, wani lokaci dabarar ta ci, wani lokaci ta ƙi. Ɗalibai da yawa sun kwana suna zargin kansu a kan abin da ba laifinsu ba ne.

Kowane katin netwok yana da lambar haihuwa da ake kira MAC, kuma rabinta na farko yana nuna wanda ya ƙera shi. Katin VM ba a ƙera shi a ko'ina ba, amma shi ma sai da aka yanka masa. Na VirtualBox da 08:00:27 yake farawa, na VMware da 00:0C:29 ko 00:50:56, na KVM da 52:54:00, na Hyper-V da 00:15:5D. Akwai ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke duba lambobin nan tun kafin su yi komai. In sun gan su sai su lafe, don sun san mai yiwuwa masu bincike ne suka ɗana musu tarko. Sannan duk wanda ya kwafi VM ɗaya ya raba wa aji guda a kan gada bai sabunta lambar ba, zai ga netwok yana ɗauke wa wannan yana ba wancan har a tashi.

Shi kansa katin kwaikwayo ne na tsohon ƙarfe. Sabuwar laftof takan gaya wa baƙuwarta cewa Intel PRO/1000 gare ta, ko AMD PCnet na shekarun 1990, domin kusan kowace manhaja ta san su. Kwaikwayon yana cin ƙarfin na'ura. Wani ɗan Ostareliya, Rusty Russell, ya kawo virtio wajen 2008, katin da ba ya kwaikwayon kowa, baƙuwa ta san ita baƙuwa ce, aiki ya ƙara sauri.

Tsarin da na fi so a koya wa yaranmu shi ne netwok na cikin gida zalla, wanda a VirtualBox yake farawa da 192.168.56.1. Baƙi da mai masauki ne kaɗai a ciki, babu intanet, babu ko sisin data. Tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibi. Zai iya kafa saba, ya gina katangar tsaro, ya kai mata hari daga wata VM ɗin, ya ga inda ta tsage, ya gyara, duk a kan batirin laftof bayan an ɗauke wuta. Aikin da manyan kamfanoni ke biyan albashi a kai ke nan.

A manyan cibiyoyin ajiyar bayanai ana ware wa kowane mai hayar VM nasa netwok da tsarin VLAN, amma 4,094 kaɗai take iya rabawa. Da suka yi kaɗan aka kawo VXLAN, aka rubuta ƙa'idarta a 2014, mai ɗaukar sama da miliyan 16. Sai dai tana ƙara wa kowane ƙunshin saƙo bayit 50, hanyar kuma ta saba da 1,500. In injiniya ya manta ya faɗaɗa hanya, ƙananan saƙonni za su wuce, manya su maƙale, shafi ya buɗe rabi ya tsaya cak.

A irin waɗannan cibiyoyi, tun 2003 ake iya ɗauke VM tana cikin aiki daga wata na'ura zuwa wata ba a kashe ta ba. Da saukarta sai a aika ɗan gajeren saƙo ga duk na'urorin netwok cewa ta koma nan, mai amfani da ita ko ƙiftawa ba zai gani ba.

EC2 na Amazon, wanda ya buɗe hayar VM ga duniya a 2006, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu aka gina shi, ƙarƙashin Chris Pinkham. Amma sai a Afrilun 2020 kamfanin ya buɗe cibiyarsa ta farko a nahiyar.

Ƙarshen kowace wayar da ba a gani, wayar gaske ce. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi, Kano zuwa Legas kuma wajen kilomita 1,000 ce, don haka zuwa da dawowa ba za su gaza kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, komai tsadar na'ura. Daga Legas yawancin wayoyin ke shiga teku. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna suka tsaya, har masu POS a Arewa suka ji a jikinsu, alhali sabobin lafiyarsu ƙalau. Yanzu IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar saƙo a cikinta, tana da reshe a Kano, Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya ma ta gina cibiyar ajiyar bayanai a garin. VM ɗin da aka ajiye a irin wannan wuri tana iya amsa wa ɗan Kurmi ba tare da saƙonsa ya tsallaka Kwara ba, in dai kamfanin layinsa ya haɗa wayarsa da mahaɗar.