Uwar Takur da Gadon Nana Asma'u

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, unguwar Takur ta cika da ma'aikata, a cikinsu kuwa har da wasu mata irin waɗanda kakanninmu ba su saba gani ba. Malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko jami'a a sakatariya. Ta yi boko, ta yi Islamiyya, wataƙila ma ta sauke. Ba ta wasa da azumin Litinin da Alhamis, ba ta kuma yarda a ce mace ba ta da ta cewa. Ga goyo a baya, ga ɗan shekara uku riƙe da gefen hijabi. Abin da ke gabanta shi ne ta yi tarbiyyar da ba ta saɓa wa Allah ba, wadda kuma ba za ta maimaita danniyar da ta taso tana gani ba.

Masu sukarta kan ce ra'ayin Turawa ta kwaso. Wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai faɗi haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin duhun jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda take naɗa mace jagora da ake kira jaji, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauyuka da karatu cikin waƙa don mata su haddace su koya wa na gida. Ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin Amirar farko, wannan turba ta bi.

Amma tarbiyya a tsakar gida ake yin ta. Bayan la'asar, an miƙa wa 'yar shekara biyar tsintsiya, yayanta ɗan bakwai ya gama cin abinci, ya ture kwano da ƙafa ya nufi filin ƙwallo. Uwar ta ce, "Abba, dawo ka ɗauke kwanonka ka wanke." Daga kan tabarma kakarsa ta wajen uba ta ce, "Haba 'yar nan, namiji ne fa." Uwar ba ta mayar da magana ba, don kunyar suruka ma tarbiyya ce da yaron yake kallo. Sai dare, bayan ta tofa masa addu'ar barci, ta ba shi labarin da Nana A'isha ta bayar, wanda Buhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa aikin gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Washegari kuma ta sake kiran sa kan kwanon.

A ganina nan aikin yake. Mun daɗe muna zuba duk ƙarfinmu a kan 'ya mace: ki iya girki, ki iya haƙuri, gidan wani za ki. Haƙuri kuwa Allah bai ware shi ga jinsi ɗaya ba. Mijin da zai saki mace da goyo ya hana ta ko kuɗin koko, an fara shirya shi ne tun ranar da ya ture kwano aka yi shiru.

Irin wannan uwa ta san haƙƙinta ma daga littafin da malamanmu ke karantarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa in aure ya mutu, reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta sake aure sai ya koma ga kakar wajen uwa. Ciyarwa kuma tana kan uba. Ƙwace yaro da zarar an yaye shi al'ada ce kawai, ba hukuncin Malikiyya ba. Ta ɓangaren gwamnati, a 2021 Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafi da kuma ta kare yara, karatun 'ya'ya mata kyauta kuwa tun zamanin Sule Lamido jihar ta ɗauke shi manufa.

Sai dai akwai abin da ba a son faɗa. A gidaje da yawa na 'yan bokon nan, wadda ke goyon jaririn yayin da Hajiya ke ofis 'yar shekara goma ce da aka ɗauko daga ƙauye. Ita ke wanke-wanke, ita ke raka 'yar gida bakin makaranta ta juyo, albashinta kuma a hannun wata dillaliya yake ƙarewa. Yaron da ake koya wa darajar mace yana ganin wannan kullum, kuma ido ya fi kunne saurin ɗaukar darasi.

Don haka, Hajiya, in za a koma makaranta zango mai zuwa, a ɗinka yunifom biyu, a yi wa 'yar aikin rajista tare da 'yar gida.