Kada A Yaga Robar Ƙofar Mota: Yadda Za A Cire Ta A Mayar

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa suna da tsohuwar mota wadda take kai taki gona, ta kai masara da doya kasuwa, wani lokaci ma ita ce mai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Galibinsu Peugeot ne, watau Fijo, ko 404 akori-kura ko 504. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa Fijo a Kaduna, aka yi ta haɗa 504 har zuwa 2006. Ke nan ko autarsu ta kwana biyu a duniya. A Turai masu sha'awa suna gyara irin waɗannan motoci don ado. Mu kuwa don aiki muke gyara su.

In ƙungiya ta tara kuɗi za a yi wa motar gyaran jiki da fenti, akwai abu guda da akan manta, shi ne robar da ta kewaye bakin ƙofa. Sau da yawa yaran gareji sukan fizge ta su yar, ko su fesa fenti a kanta. Bayan an gama aiki sai a shiga nema a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Ta asali tana da wuyar samu yanzu. Wadda ake yankowa a sayar kuwa ba kullum take dacewa ba: ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ko ta bar kafa. Da tsohuwar zuma ake magani. In tsohuwar roba tana da sauran rai, ita ce daidai da ƙofarta.

Mene ne amfaninta?

Da hunturu tana tare ƙura. Da damina tana tare ruwa, gama ruwan da ya kwanta a ƙasan mota shi yake kawo tsatsa har ƙarfe ya huje. A motar da take da ƙofar baya kuma, in robar ta mutu hayaƙin salansa yakan shigo ciki. A cikin hayaƙin nan akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai da barci, tana iya kisa.

A gwada ta tukuna

A matsa robar da yatsa. In ta lotsa ta komo, tana da rai. In ta yi tauri kamar busasshiyar fata, ko ta tsattsage, ko tana marmashewa, ta gama aiki. A kuma rufe ƙofa a kan takarda, sa'an nan a ja. In takardar ta zare ba wuya, robar ba ta kamawa a wurin.

Yadda ake cirewa

Hanya uku ake ɗaura robar ƙofa. Wata da gam ake manna ta cikin kwarmi. Wata tana da ƙananan maɓallai da suke shiga huda a jikin ƙofa. Wata kuwa tana da ƙarfe a cikinta, cusa ta ake yi a bakin ƙarfen mota ta cije. A ɗaga gefe kaɗan a duba irin wadda ake da ita kafin a fara.

1. A bar motar a rana kamar awa ɗaya don roba da gam su yi laushi. Kada a yi aikin nan da sanyin safiya, kada kuma a kusantar da wuta.

2. A nemi inda bakin robar biyu suka haɗu, yawanci a ƙasan ƙofa. Daga nan za a fara.

3. A feƙe katako ko gora ya yi faɗi kamar bakin cokali. Sukundireba da wuƙa suna yanka roba, suna kuma kankare fenti.

4. A riƙa tura katakon a ƙarƙashi ana ɗagawa kaɗan kaɗan, ana zuba ruwan sabulu. In an zo kan maɓalli, maɓallin za a ɓanɓaro, kada a ja robar. A kusurwa aka fi yin ɓarna, sai a yi haƙuri a wurin.

5. Kowace roba a ɗaura mata takarda: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. A zuba maɓallan cikin gwangwani.

Wanki da ajiya

A wanke da ruwa da sabulu, a murje tsohon gam da babban yatsa. Kada a taɓa ta da fetur, ko kananzir, ko baƙin mai, domin suna kumbura roba su ruɓar da ita. In ta bushe a shafa mata man silikon ko gilisarin a gefen da yake taɓa ƙofa kaɗai, gama gam ba ya kama wuri mai maiƙo. A naɗe ta da faɗi, a kwantar a inuwa inda ɓera ba ya kaiwa. Kada a rataye ta a ƙusa, za ta miƙe ta lalace.

Mayarwa

Kafin fenti, a kankare tsatsar da take cikin kwarmin, a kuma buɗe ƙananan hudojin da suke ƙasan ƙofa inda ruwa yake fita. Sai fenti ya bushe sarai a mayar da roba. A fara gwada ta ba gam. Sa'an nan a shafa gam kaɗan a roba da ƙarfe, a jira ya fara danƙo, a fara mannawa daga kusurwar sama a gangaro. Kada a ja ta don ta kai, gama za ta koma ta bar kafa. In ta gaza, a ƙara guntu a ƙasa.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce, direba da mutum ɗaya daga kwamiti su cire robar da kansu kafin mota ta tafi gareji, su damƙa wa ma'aji. Aikin yini ɗaya ne, ba ya cin ko kwabo. Wadda ta mutu ma kada a yar, za ta yi amfani a bakin ƙofar ɗakin ajiyar hatsi.