Maganin kwana huɗu ga ciwon da ba ya tafiya

Da la'asar a kemis ɗin unguwa, wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗi a kan kanta. "Ɗan nan, yanko mini na hawan jini, iya na wannan." Mai kemis ya sa almakashi ya yanko ƙwaya huɗu. Maganin da likita ya ce a sha kullum, za ta sha na kwana huɗu ta ajiye, sai ranar da kai ya sake sarawa. Ta nan shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa.

Ba taurin kai ba ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fitowa. Manomi da ɗan tireda da mai ƙosai ba su da fansho, 'ya'ya ne madogararsu, su kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, abinci ma da ƙyar.

Asibitin sha-ka-tafi na kusa da gida an tsara shi ne don awon ciki da haihuwa da riga-kafin yara da zazzaɓin cizon sauro. Aiki ne mai kyau, amma tsoho yakan zo da ciwo uku ko huɗu a haɗe: suga, ciwon gwiwa, fitsarin da ya ƙi fita, ido da ya dushe. Sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, kuma har yau likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne amsar da ake yawan ba su, a gida da asibiti: "Baba, ai tsufa ne, sai haƙuri." Alhali yanar ido aikin ƙasa da awa ɗaya ne a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, mutum ya koma yana ganin jikokinsa. Gigin tsufa ma cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma a wasu wuraren kulle tsohuwa ake yi a ɗaki, ko a jefe ta da maita.

Dokoki kam akwai. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2022 kuma dokar inshorar lafiya ta tanadi asusun marasa ƙarfi, har da tsofaffi. Sai dai dattijon ƙauye bai ga alamarsu ba. Bukatarsa ba ta da yawa: benci da layinsa daban, ma'aikacin da zai saurare shi da harshensa, a auna jininsa kusa da gida, a ba shi maganin wata guda cur. Jihohin da ke raba maganin zazzaɓi ga yara gida-gida duk damina suna da ma'aikatan da za su iya wannan aikin.